Tambaya kan tarihin kofin kurket na yini ɗaya a Ingila, daga Gillette zuwa yau

Bakatsine ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga waɗanda suka daɗe suna bibiyar wasan kurket ce, musamman na cikin gida a Ingila, domin akwai abin da ya ɗaure mini kai game da gasarsu ta yini ɗaya, wadda gundumomi goma sha takwas ke fafatawa a cikinta. Duk inda aka kawo tarihin kurket mai iyakantaccen adadin jifa, sai a ce daga wannan gasa komai ya faro a 1963, a kuma ƙara da cewa a da ranar wasanta na ƙarshe a filin Lord's da ke Landan tana cikin manyan ranakun wasanni na ƙasar baki ɗaya. Abin da nake gani a yau kuwa ya sha bamban da wannan labari. Ana buga ta a watan Agusta lokacin da hankalin kowa ya koma kan gasar The Hundred mai jifa ɗari ga kowane ɓangare, fitattun 'yan wasa ba sa cikinta, wasan ƙarshen ma an ɗauke shi daga Lord's, sunanta kuma ya sauya har mutum ya rasa wanne zai riƙe.

Don haka ina roƙon a fayyace mini abin da ya sa aka ƙirƙiro ta tun farko, alhali gasar zakarun gundumomi ta kwana uku tana nan tun ƙarni na goma sha tara. Ina kuma so in san ko Kofin Gillette da Kofin NatWest da na C&G da na Royal London da na Metro Bank duk gasa ɗaya ce da ta riƙa sauya suna, ko kuwa gasa daban-daban ne da ake haɗa tarihinsu wuri ɗaya. Abin da ya fi damuna kuma shi ne lokacin da martabarta ta fara zubewa, da wanda za a ɗora wa alhakin hakan. Allah ya saka da alheri ga duk wanda ya taimaka.

Dattijon Gusau ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam Bakatsine. Tambayarka ta yi kyau, kuma amsar sashenta na farko kuɗi ne da 'yan kallo. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu filayen gundumomi suna cika, amma a cikin shekarun 1950 jama'a suka riƙa janyewa, saboda wasan kwana uku ana yin sa ne galibi a ranakun aiki, ma'aikaci ba ya iya zama ya ga farkonsa da ƙarshensa, kuma sau da yawa bayan kwana ukun a tashi babu wanda ya yi nasara. Ga talabijin ta shigo gidaje, ga motoci sun yawaita har mutane sun sami wasu wuraren zuwa a ranar hutu. Gundumomi da dama suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, wasu ma kuɗin da ƙungiyoyin magoya bayansu ke tarawa ne kaɗai ya hana su durƙushewa.

A 1962 sakataren ƙungiyar Leicestershire, Mike Turner, ya shirya wata 'yar gasar gwaji tsakanin gundumomi huɗu na tsakiyar Ingila, wato Leicestershire da Derbyshire da Nottinghamshire da Northamptonshire, inda kowane ɓangare ke da oba 65, kowace oba kuwa jifa shida ce. Northamptonshire ce ta lashe. Gwajin ya nuna cewa za a iya fara wasa da safe a gama shi da yamma, a tashi an san wanda ya ci, don haka a shekara mai bi aka buɗe gasar ga dukkan gundumomi goma sha bakwai masu daraja ta ɗaya a wancan lokaci, kamfanin reza na Gillette ya ɗauki nauyinta a kan fam 6,500. Tsarin sili-ɗaya-ƙwale ne irin na Kofin FA a ƙwallon ƙafa, wanda aka doke ya tafi gida. Kuma a daidai wannan lokaci ne aka soke tsohon bambancin da ake yi tsakanin 'yan wasan sha'awa da masu karɓar albashi, saboda haka kakar 1963 sabon babi ce ga kurket ɗin Ingila ta fuskoki biyu.

Da yake goma sha bakwai ba ta rabuwa daidai, sai aka sa gundumomi biyun da suka zo ƙasan teburin 1962 suka yi wasan share fage. Shi ne Lancashire da Leicestershire a filin Old Trafford da ke Manchester ranar 1 ga Mayu, 1963, kuma ruwan sama ya sa wasan yini ɗaya na farko a tarihin gasar ya shiga yini na biyu. Peter Marner na Lancashire ya ci maki 121, ya zama mutum na farko da ya haura ɗari a gasar, Brian Statham kuma ya fitar da mutum biyar, wato ya kawo ƙarshen bugun masu bugu biyar na abokan hamayya. Wasan ƙarshe aka yi shi a Lord's ranar 7 ga Satumba, filin ya cika maƙil, Sussex ta ci 168 sannan ta fitar da Worcestershire duka a kan 154. Kyautar gwarzon wasa, wadda ita ma baƙuwar al'ada ce a kurket a lokacin, ta tafi ga Norman Gifford duk da cewa ɓangarensa ne aka doke.

A nan nake so ka lura da Ted Dexter, kyaftin ɗin Sussex, domin shi ne ya fara gane cewa wannan wasa dabam ne da wanda suka saba. A wasan kwana uku ba ka cin nasara sai ka fitar da abokan hamayya, amma a nan ya isa ka hana su maki har obobinsu su ƙare. Sai ya riƙa amfani da masu jifa da sauri, yana tura masu tsaron fili can bakin iyaka su tare ƙwallo, har dattawan wasan suka yi ta ƙorafin cewa yana kashe armashin kurket. Ƙorafin bai hana shi sake ɗaukar kofin a 1964 a kan Warwickshire ba, kuma dokokin da aka kawo daga baya na taƙaita yawan masu tsaron da za su tsaya nesa, asalinsu maganin irin dabararsa ne. A 1964 ɗin ne aka rage obobi zuwa 60, adadin da ya zauna har zuwa 1998, aka kuma fara gayyatar wasu daga cikin ƙananan gundumomi.

Shekarun Gillette su ne suka gina sunan gasar. A wasan ƙarshe na 1965 Geoffrey Boycott, mutumin da aka sani da jan ƙafa wajen tara maki, ya ci 146 a kan Surrey, Yorkshire ta tara 317 ta yi nasara da tazarar 175, kuma babu wanda ya wuce wannan adadi nasa a wasan ƙarshe na gundumomi a Lord's sai Alex Hales a 2017. Sai zamanin Lancashire a ƙarƙashin Jack Bond, waɗanda suka ɗauki kofin sau uku a jere daga 1970 zuwa 1972, da Clive Lloyd da Farokh Engineer a cikinsu, suka ƙara na huɗu a 1975. Wasan da har yau ake ba da labarinsa shi ne na kusa da na ƙarshe a 1971 tsakaninsu da Gloucestershire a Old Trafford, wanda ruwa ya jinkirta har aka kai kusan ƙarfe tara na dare ana bugawa, babu fitilun fili, duhu ya rufa, David Hughes ya shigo ya ci maki 24 a oba ɗaya ta John Mortimore ya raba gardama. Lloyd kuma ya ci 126 a wasan ƙarshe na 1972. A ganina waɗannan shekaru uku ne suka tabbatar wa hukumomin wasan cewa kurket na yini ɗaya ya zo ke nan, domin a Manchester mutane suna yin dogon layi tun da sassafe don wasan gunduma, abin da aka daɗe ba a gani ba.

Tasirinta bai tsaya a Ingila ba. Ostireliya ta fara tata gasar a kakar 1969 zuwa 1970, Afirka ta Kudu ma a daidai wannan lokaci da sunan Gillette ɗin, Indiya ta kawo Kofin Deodhar a kakar 1973 zuwa 1974. Wasan yini ɗaya na farko tsakanin ƙasa da ƙasa an yi shi a Melbourne ranar 5 ga Janairu, 1971, Kofin Duniya na maza na farko kuma a Ingila a 1975, da oba 60 kamar yadda ake yi a Kofin Gillette. Game da tambayarka ta biyu, Gillette ta janye bayan kakar 1980, bankin NatWest ya karɓa daga 1981 zuwa 2000, Cheltenham & Gloucester, wato C&G, daga 2001 zuwa 2006, Friends Provident daga 2007 zuwa 2009. Waɗannan huɗun gasa ɗaya ce babu tantama, mai ɗaukar nauyi ne kawai yake sauyawa. Abin da ya biyo bayan 2009 kuwa yana da gardama, zan bar wa wasu su yi bayani.

Uwar Zainab ta rubuta:

Baba Dattijo ya kawo tushen magana yadda ya kamata, Allah ya ƙara basira. Abin da zan ƙara shi ne wanda nake ganin shi ne ruhin gasar, wato ƙananan gundumomi. Waɗannan ƙungiyoyi ne na malaman makaranta da manoma da ma'aikatan ofis, wani lokaci da tsohon ƙwararre ɗaya ko biyu a cikinsu, kuma sau ɗaya a shekara ƙuri'a takan haɗa su da manyan ƙungiyoyi, a zo a yi wasan a ƙaramin filin garinsu, jama'ar gari su fito kwansu da kwarkwatarsu. Galibi dukan kawo wuƙa ake yi musu, kamar a 1984 lokacin da Alvin Kallicharran na Warwickshire ya ci 206 shi kaɗai a kan Oxfordshire. Amma a 1973 Durham, wadda a lokacin ƙaramar gunduma ce, ta je Harrogate ta doke Yorkshire, karo na farko ke nan da ƙarama ta kayar da babba a gasar. Lincolnshire ta doke Glamorgan a 1974, Hertfordshire ta doke Essex a 1976, Shropshire ta sake kunyata Yorkshire a 1984. A 1991 ruwa ya hana wasa tsakanin Hertfordshire da Derbyshire, aka raba gardama ta hanyar jifan sandunan wikit, wato sandunan da mai bugu ke karewa, babu mai bugu a gabansu, Hertfordshire ta yi nasara da biyu da ɗaya. Ita Durham ɗin, irin wannan bajinta na cikin abin da ya ƙarfafa hujjarta har aka ba ta daraja ta ɗaya a 1992, ta zama gunduma ta goma sha takwas. Ireland da Scotland da Holan ma ta wannan ƙofa 'yan wasansu suka riƙa gogawa da ƙwararru shekaru kafin duniya ta san da su, har Scotland ta doke Worcestershire a 1998, Ireland kuma ta doke Surrey a 2004.

Ya kamata kuma Malam Bakatsine ya san cewa gasar ba ta daɗe ita kaɗai a fage ba. A 1969 aka kawo gasar ranar Lahadi mai oba 40 ƙarƙashin kamfanin taba na John Player, ana farawa da ƙarfe biyu na rana, ana nunawa a tashar BBC, a 1972 kuma aka ƙara Kofin Benson & Hedges mai oba 55, wanda wasansa na ƙarshe ke zuwa a tsakiyar bazara. Gasa uku ke nan na yini ɗaya a kaka guda, amma kofin Satumba shi ne babba a idon kowa, saboda shi ne na farko, shi ne mafi tsawo, kuma shi ke rufe kaka. Labarin Somerset ya isa misali. An kafa ƙungiyar a 1875, ta yi sama da shekara ɗari ba ta ɗauki komai ba, a 1978 ta rasa kofuna biyu a ƙarshen mako guda, a Mayun 1979 aka kore ta daga Benson & Hedges saboda kyaftin Brian Rose ya rufe bugun ƙungiyarsa bayan oba ɗaya a Worcester don ya ci moriyar wani giɓi a dokar lissafin maki. A Satumbar wannan shekara sai ga Viv Richards ya ci 117, Joel Garner ya fitar da mutum shida a kan maki 29, Somerset ta doke Northamptonshire a wasan ƙarshe na Kofin Gillette a Lord's, washegari kuma suka lashe gasar Lahadi.

Zamanin NatWest ya fara da wasan ƙarshe na 1981 wanda Derbyshire da Northamptonshire suka tashi da maki 235 kowannensu, Derbyshire ta ɗauki kofin saboda ta fi ƙarancin waɗanda aka fitar. A 1985 Essex ta doke Nottinghamshire da maki ɗaya tak. A 1993 Sussex ta tara 321, wanda a wancan zamani ana ɗaukarsa tamkar an gama wasa, amma Warwickshire ta cimma shi a jifa ta ƙarshe, Asif Din ya ci 104. Sai dai akwai aibin da ba zan ɓoye ba duk da ƙaunar da nake yi wa gasar. Domin a samu oba 120 su shiga yini ɗaya a watan Satumba, dole a fara da ƙarfe goma da rabi na safe, lokacin da raɓa ba ta bushe ba, ƙwallo tana karkacewa a iska tana kuma zillewa a kan ciyawa, mai bugun farko yana shan wahala. Daga 1986 zuwa 1995, wasannin ƙarshe goma a jere, ɓangaren da ya yi bugu na biyu ne ya yi nasara. A 1990 Phillip DeFreitas na Lancashire ya fitar da mutum biyar na Northamptonshire tun da hantsi, 'yan kallo da yawa ba su gama zama ba wasan ya riga ya karkata. Idan jefa kwabo kafin wasa ya kusa zama shi ne hukunci, to martabar ranar ta fara samun tawaya, kuma wannan ya faru tun kafin kowa ya yi mafarkin The Hundred.

Bakatsine ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Baba Dattijo da Hajiya Uwar Zainab, yanzu na gane inda zaren ya faro. Abin da ya rage mini shi ne wanda Baba ya ce yana da gardama. Idan har zuwa 2009 gasa ɗaya ce, me ya faru a 2010 da ya sa ake shakkar ko wadda ake yi yanzu ita ce magajiyarta? Sannan bayanin Hajiya ya sa ina tunanin cewa raunin ya girmi The Hundred, to a wace shekara ce za a ce an yi sauyin da ya fi yi mata illa? Ina kuma mamakin yadda ƙasar da ta ɗauki Kofin Duniya na oba 50 a 2019 za ta mayar da gasarta ta oba 50 saniyar ware bayan shekara biyu kacal.

Ɗan Damagaram ya rubuta:

Malam Bakatsine, idan shekara ɗaya kake so a nuna maka, ni 2006 zan nuna. A 1999 an rage obobi zuwa 50 don a daidaita da wasannin ƙasa da ƙasa, wannan gyara ne mai ma'ana, kuma a ƙarƙashinsa aka ga abubuwa irin wasan Surrey da Glamorgan a filin Oval a 2002, inda Ali Brown ya ci 268, Surrey ta tara 438, Glamorgan ta bi ta har 429. Gloucestershire ma a wannan tsakani ta ɗauki kofin sau huɗu, a 1999 da 2000 da 2003 da 2004. Amma a 2006 hukumar kurket ta Ingila da Wales ta soke tsarin sili-ɗaya-ƙwale, ta sallami ƙananan gundumomi, ta raba manyan zuwa rukunin arewa da na kudu tare da Scotland da Ireland, wanda ya zo na ɗaya a kowane rukuni ya wuce kai tsaye zuwa Lord's. Hujjarsu ita ce 'yan wasa su sami wasannin oba 50 da yawa maimakon a fitar da ƙungiya a wasa ɗaya ta zauna sai baɗi. Hujjar tana da ƙarfi, amma sakamakonta shi ne ƙungiyar da ta sha kashi biyu ko uku a farko takan ci gaba da buga wasannin da ba su da wani amfani, filaye babu kowa, kuma abin da Hajiya ta kira ruhin gasar ya tafi bai dawo ba.

Kafin nan ma ƙasa ta riga ta motsa a ƙarƙashinta. Dokar hana tallar taba ta kawo ƙarshen Kofin Benson & Hedges a 2002, aka cike gurbinsa da gasar oba 20, wadda aka fara ranar 13 ga Yuni, 2003, ana gama wasa cikin kamar awa uku da yamma bayan an tashi daga aiki. Dalilin da ya haifi Kofin Gillette a 1963, wato neman 'yan kallon da ba su da lokaci, shi ne ya haifi wannan, kuma jama'a suka bi wanda ya fi gajarta.

Abin da ya faru a 2010 shi ne an haɗe Kofin Friends Provident da tsohuwar gasar Lahadi aka fitar da gasa ɗaya mai oba 40, wadda aka kira da sunan bankin Clydesdale, daga baya na bankin Yorkshire a 2013. Gundumomi sun fi son oba 40 domin ta fi sauƙin sayar da tikiti. Ke nan shekara huɗu Ingila ba ta da gasar oba 50 tsakanin gundumominta alhali duniya oba 50 take bugawa. A 2014 aka dawo da 50 da sunan Royal London, Durham ta lashe na farko, a 2023 kuma Metro Bank ya karɓa. Don haka mai cewa gasar yau jikar Gillette ce yana da gaskiya, mai cewa jikar gasar Lahadi ce ma bai yi ƙarya ba, domin rukuni take da shi kamar ta Lahadi, wasan ƙarshe kuma kamar ta Gillette.

Inda nake ɗan saɓawa da manyana shi ne hukuncin da ake yanke wa gasar a yau. Gaskiya ne cewa tun da The Hundred ta fara a 2021 ana buga su a lokaci ɗaya, ƙungiyoyinta takwas suna kwashe fitattun 'yan wasan gundumomi, kuma wasan ƙarshe na 25 ga Mayu, 2019, wanda Somerset ta doke Hampshire, shi ne na ƙarshe a Lord's kafin a koma Trent Bridge a Nottingham. Amma wannan ya buɗe ƙofa ga matasan da a da sai su shekara suna zaman benci, ya kuma mayar da wasanni ƙananan filayen garuruwa inda iyalai ke zuwa a lokacin hutun makaranta. Glamorgan, wadda ba ta taɓa cin wasan ƙarshe na yini ɗaya ba, ta ɗauki kofin a 2021 ta maimaita a 2024. Kent ta ɗauka a 2022 da Darren Stevens mai shekara 46 a cikinta. Leicestershire, gundumar da ta fara wannan tafiya a 1962, ta doke Hampshire da maki biyu a 2023 bayan Harry Swindells, wanda bai buga ko wasa ɗaya a gasar ba a wannan kaka kafin ranar, ya ci 117 ba a fitar da shi ba. Magoya bayan waɗannan gundumomi ba su ɗauki kofin a matsayin ƙaramin abu ba.

Dattijon Gusau ya rubuta:

Ɗan Damagaram, na yarda da kai a kan 2006, kuma ban raina murnar mutanen Leicestershire da Glamorgan ba, domin ƙananan ƙungiyoyi irin nasu su ne gasar ta fi yi wa amfani tun asali. Amma tambayar Malam Bakatsine ta ƙarshe tana nan ba a amsa ta ba, kuma ita ce ta fi nauyi. Bayan Bangladesh ta fitar da Ingila daga Kofin Duniya na 2015 a Adelaide tun a zagayen rukuni, hukumar ta mayar da hankali kan oba 50 da gaske, kyaftin Eoin Morgan ya gina sabuwar tawaga, kuma gasar cikin gida ta waɗannan shekaru, wadda manyan 'yan wasa ke bugawa, tana cikin abin da ya ciyar da ita. Maki 187 da Hales ya ci wa Nottinghamshire a wasan ƙarshe na 2017 irin bugun da tawagar ƙasar ke yi ne a lokacin. Ingila ta ɗauki Kofin Duniya a Lord's ranar 14 ga Yuli, 2019. Tun kafin wannan rana an riga an tsara The Hundred, an kuma sayar da haƙƙin nuna ta a talabijin, saboda haka nasarar ba ta sauya komai a jadawalin ba.

Illar ita ce matashin da ya fi kowa hazaƙa a yau The Hundred ce ke ɗaukarsa a watan Agusta, don haka yana iya kaiwa tawagar ƙasa ta oba 50 alhali wasannin oba 50 da ya buga a rayuwarsa ba su taka kara sun karya ba. Wasan oba 50 kuwa yana da nasa ilimin, wato yadda mai bugu zai farfaɗo da ƙungiya bayan an fitar da mutum uku da wuri, da yadda mai jifa zai raba obobinsa goma tsakanin farko da tsakiya da ƙarshe, kuma ba a koyon wannan a wasan jifa ɗari. A Kofin Duniya na 2023 a Indiya, Ingila mai riƙe da kambu ta sha kashi a wasa shida cikin tara ta ƙare a matsayi na bakwai, a gasar Champions Trophy ta 2025 kuma ta rasa dukkan wasanninta uku, Jos Buttler ya ajiye kyaftin. Ba zan ce jadawalin Agusta kaɗai ya jawo haka ba, domin tawagar 2019 ta tsufa, amma ina ganin yana cikin manyan dalilai. Gyaran da nake fata ba mai wahala ba ne: a ɗauke gasar daga watan Agusta zuwa lokacin da kowace gunduma ke da cikakkun 'yan wasanta, a dawo da zagaye ɗaya na sili-ɗaya-ƙwale da ƙananan gundumomi a farkonta, a kuma mayar da wasan ƙarshe Lord's a tsakiyar bazara, lokacin da matsalar raɓar da Hajiya ta ambata ba ta da ƙarfi. Cikas ɗin shi ne kakar Ingila daga Afrilu zuwa Satumba ce kawai, gasa huɗu ke rabon waɗannan watanni, kuma tun da aka sayar wa masu zuba jari hannun jarin ƙungiyoyin The Hundred a 2025, watan Agusta ya ƙara yin wuyar taɓawa.